Sunan Selina a Jikin Ƙashi

Ranar Litinin da yamma, washegarin sunan jaririn Mubina, Selina ta dawo daga aiki ta sauka ɗakinta na ƙasa, ta ɗaga ƙyallen da ta rufe kayan tsohuwa da shi. Tana gani ta zauna a kan kafet, ko takalmi ba ta cire ba. An kwashe kusan rabi.

Da kayanta ne da sauƙi. Selina 'yar Kafanchan ce, tana haya a ƙasan gidan Munzali da matarsa Mubina a garin Clinton na jihar Maryland, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Wadda ta fi daɗewa da ita, Misis Martins, Baturiyar Ingila ce da aure ya kawo garin Greenbelt tun da ƙuruciya, kwanan nan aka mayar da ita gidan kula da tsofaffi. Ɗanta Bartholomew yana kwashe ɗakinta ya ci karo da kayan saƙar leshinta na hannu, waɗanda ta gada wajen kakarta. Shi bai san kansu ba, so yake ya sayar a intanet. Selina ta ce ta san wata da za ta gane su ta faɗi darajarsu, shi kuma ya ba ta ta tafi da su gida. Amana ke nan.

Da ta kira shi ta gaya masa, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi dai in ƙarshen mako ya zo ba a gan su ba, dole ya sanar da kamfanin da ya turo ta, ya kuma kai maganar wajen 'yan sanda. Selina ta san ma'anar wannan. A aikinsu, in aka taɓa jingina sata da sunanka, babu gidan da zai ƙara buɗe maka ƙofa.

Nan da nan magana ta zaga wayoyin mata. Ranar suna saman gidan ya cika, a falon Selina mata suka riƙa sauka suna salla, don haka kowa na da abin faɗa. Wasu suka ce a fara da Selinar kanta, ai ita kaɗai ta san abin na da tsada. Wasu suka ce Kamal, ƙanin Munzali da ke karatun jami'a a garin College Park, wanda ke sayar da komai a intanet, daga takalmi har kujerar da aka yar a bakin titi.

Abu ɗaya ne kowa ya yarda a kai: kada Hajiya ta ji. Hajiya Rumasa'u, mahaifiyar Mubina, ta zo daga Kano don wankan jego. Tana da hawan jini, kuma tana ji da Selina kamar 'yar cikinta, don ita ke auna mata jini kullum da safe suna hira. Ta sha yi wa Selina faɗa a kan ramar da take yi da ciwon kan da ba ya barinta. Saboda haka in tana kusa, sai a juya maganar zuwa Turanci.

*

Sailuba ita ce dama ake jira ta zo ta duba kayan. Ba ta da yawan magana, a taro ma sai ka manta tana wurin. Sana'arta zagaya gidajen da ake gwanjon kayan mamata, ta sayi abin da wasu suka wuce, ta bincika, ta sayar. Kakanta a Gumel mai bin sawun ɓarayin shanu ne, kuma 'yan uwanta suna tsokanarta cewa ita ta gaje shi, sai dai nata dajin a cikin waya yake.

Ta zo ranar Talata da hantsi. Ta roƙi kada kowa ya taɓa teburin, ta ja kujera ta zauna, ta daɗe tana kallo kawai.

Abin da ke gabanta matashi ne mai tauri, mai faɗi kamar faifai. A kansa akwai kwali mai ɗaruruwan ƙananan huji, wato zanen da ake bi. A wannan saƙa, ana naɗa zare a kan 'yan sanduna masu tsawon yatsa ko ɗan fi, sai a riƙa tsallaka su bibbiyu, ana kafa fil a kowane huji don ya riƙe zaren, a hankali leshi ya fito. Kowace sanda tana da zoben duwatsun gilas a gindinta, don ta yi nauyi kuma kada ta gangara.

Selina ta nuna mata hoton da ta ɗauka ranar da ta karɓo kayan. A hoton, matashin cike yake da fil a tsaye, da leshi da aka saƙa har kamar tsawon hannu ba a gama ba, sandunan suna rataye kewaye da shi, wasu na itace, wasu farare.

Sailuba ta buɗe hoton sosai. Fararen na ƙashi ne, ta gane daga ɗigo-ɗigon baƙi da ke jikinsu, wanda roba ba ta da shi, hauren giwa ma ba shi da shi. A jikinsu akwai rubutu da aka yi da ƙananan huji aka cike da jan launi da shuɗi. Sunaye ne. A ƙauyukan Ingila na da, saurayi kan sa a rubuta sunan budurwarsa ya kai mata, ko uwa ta sa na 'ya'yanta. Ta karanta wani John, wata Mary, sai ta tsaya.

"Anti Selina, ga sunanki."

Selina ta yi ɗan murmushi, na farko tun jiya. Ta ce tsohuwa ta sha nuna mata. Sunan yayar kakar tsohuwar ne, kuma ranar da kamfani ya turo ta, tsohuwa na jin sunanta ta ce ita take so.

Sailuba ta koma kan teburin. Duk masu suna an ɗauke. Na itace duk suna nan. Ta ɗauki ɗaya a cikinsu ta ɗaga wajen haske. An fafe cikinta an yi mata 'yan tagogi, a ciki kuma wata 'yar mitsitsiyar sanda tana motsi. Irin wannan masu tara su suke kira uwa da jariri, kuma a cikin duk kayan ita ta fi tsada. Ga ta a sama, ba a ɓoye ba. Duk wanda ya ɗan bincika a waya, ita zai fara ɗauka.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne leshin. Babu shi, amma ba yanke shi aka yi ba. Zarurrukan suna nan kwance a jere, an miƙar da su kamar gashin da aka taje. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Babu wanda ya tsinke. An warware saƙar ne, tsallake bayan tsallake, har farkonta. Fil kuwa ko ɗaya ba a bari ba.

Mubina tana tsaye a matakala da jariri a kafaɗa, ta tambaya ko ta ga wani abu. Sailuba ta ce ta ga ba ranar suna aka yi ba. Wannan aikin yini ne, na mutumin da ya zauna a gida shiru, ba mai gudun a kama shi ba. Ta tambayi wa ke gida ranar Litinin. Mubina ta ce babu kowa, Selina da Munzali suna wajen aiki, ita kuma ta kai jariri wajen likita ta daɗe. Sai dai Kamal ya san lambar sirrin buɗe ƙofar gareji.

Ba ta ambaci Hajiya ba. Sailuba ma ba ta tuna ta tambaya ba.

Kafin ta tashi, ta lura kwalin ya ɗan kumbura a wasu wurare kamar an yayyafa masa ruwa, kuma a cikin hujin akwai wani koren gari. Ta laƙato da farce ta shinshina. Ta san warin, amma ta rasa daga ina. Ta naɗe shi a tishu ta jefa a jaka.

*

Washegari Mubina ta turo wa Sailuba wani talla da ta tono a intanet. Fararen sandunan saƙar leshi, masu sunaye, an rubuta tsofaffi ne, kuma mai sayarwa yana nan Maryland. Ta ce ta riga ta nuna wa Munzali, ransa ya ɓaci, yana cewa in Kamal ne shi da kansa zai kai shi wajen 'yan sanda.

Sailuba ta zauna a mota ta duba hotunan. Ba su ba ne, ba ma tsofaffi ba ne. A gefen kowace akwai siririn layi daga sama har ƙasa, inda aka haɗa mazubin roba. Haruffan duk girmansu ɗaya, alhali na hannu sai ka ga wani ya karkata, wani ya matse don wuri ya ƙare wa mai yi. Duwatsun sumul suke, na dā kuwa masu kusurwa ne da 'yan tabo a jiki. Sannan wuyan sandar, inda zare ke zama, ko alamar gogewa babu. Sandar da aka yi shekaru ana saƙa da ita, zare kan ci wuyanta. Ta rubuta wa Mubina ta ce a kwantar wa Yaya Munzali da hankali.

Duk da haka ta je ta sami Kamal, a wani shagon shayi kusa da jami'a. Ya riga ya ji abin da ake cewa a kansa, yana huci. Ya ce ranar Litinin yana ɗakin gwaji tun safe, akwai shaidu, kuma in don an gan shi yana sayar da takalma ne, to kowa ya zo ya nuna masa inda aka haramta.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta tambaye shi ko ya taɓa ganin kayan ma.

Ya ce ya gani ranar suna, da ya sauka ɗauko kujeru, ƙyallen ya zame gefe.

"Ni da ko kusa ban matsa ba, Sailuba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Matashi an sossoke shi da allurai, zare a ƙuƙƙulle, ga ƙasusuwa a rataye da sunayen mutane. Na ce Anti Selina kuma yaushe ta fara bin bokaye?"

Sailuba ta yi dariya har ta kama baki. Shi ma ya huce ya taya ta. Tana cikin dariyar ta tsaya.

Ita tun da ta ga kayan, idon 'yar kasuwa ta sa musu. Ba ta taɓa kallonsu da idon gida ba. Ta buɗe jaka ta ciro tishun ta miƙa masa. Ya shinshina ya ce ai wannan magarya ce, garin ganyenta, kakarsu ta sha jiƙa musu in ta yi tofi.

Yanzu ta tuna. A gidansu ma haka ake yi in ana zargin an yi wa wani sammu. A jiƙa magarya a yi tofi a ciki, a yayyafa wa abin da aka tono, a zare allurai, a kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya ana karanta Falaƙi da Nasi. Ba a yankewa, kwancewa ake yi. Abin da ya rage kuma a kai shi ruwa mai gudu.

*

Da la'asar Sailuba ta isa Clinton. Munzali ya dawo da wuri, yana falo. Ta gaishe shi, ta ce ba Kamal ba ne, ya ja dogon numfashi. Don ya sauya magana, ya ce ta ji wani abin mamaki kuwa? Hajiya, wadda aka yi ta lallashi a kai ta ta ga gari ta ƙi, ta ce ita ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba, yau ita ce ta aiko Mubina ta gaya masa tana son a kai ta ganin kogi. Kuma ba tafki ba, ta ce wanda ruwansa ke tafiya. Ya yi mata alkawari gobe da safe kafin ya wuce ofis zai kai ta bakin kogin Potomac.

Sailuba ta ce ikon Allah. Ta ce bari ta shiga ta gai da Hajiya.

Hajiya tana kan darduma da carbi. Sailuba ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi jiki, ta tambayi baƙunta, ta tambayi mai jego da jariri. Hajiya ta amsa duka, amma idonta bai bar fuskar Sailuba ba. Da aka gama, ta ce ta ga jiya ta sauka ƙasa ta daɗe. Me take nema a ɗakin yarinyar nan?

Sailuba ta ce wasu 'yan kaya ne ake cigiya.

"Ke ce mai cigiyar?"

"Ni ce, Hajiya."

"To," in ji Hajiya, ta ci gaba da jan carbi. "Dama na ce zan ga wanda zai zo."

A kan ɗan teburin gefen gado akwai hula da ake ɗinkawa, an kai rabi, ɗinki ƙanana kamar na inji. Hannun da ya yi wannan zai iya warware leshi ba tare da ya tsinka zare ba. A ƙarƙashin gadon kuma, bakin wani babban gwangwanin madara ya leƙo, an ɗaure murfinsa da tsumma.

Sailuba ta fito ta tsaya a kicin tana tunani. Ta san wa, ta san inda. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda za ta faɗa. Ba a kallon idon mace kamar Hajiya a gidan surukinta a ce ke kika ɗauka. In kuma ta yi shiru, gobe da safe kayan suna ƙarƙashin kogi, aikin Selina ya bi su.

*

Ta roƙi Mubina a tara kowa bayan magariba, har Kamal, kuma a fito da Hajiya. Mubina ta zaro ido, ta ce hawan jinin fa? Sailuba ta ce ba za ta ambaci sata ba, bayani kawai za ta yi, amma da Hausa.

Aka zauna. Selina a gefe, idonta ya kumbura. Kamal a bakin ƙofa. Hajiya a babbar kujera, Munzali ya koma can nesa da ita saboda kunya. Sailuba ta ajiye matashin a tsakiya, ta ce tana so ta nuna musu ko mene ne wannan abu. Ba ta dai saba magana a gaban mutane da yawa ba. Ta buɗe jaka ta ciro wata farar sanda daga cikin nata na sayarwa, mai suna a jiki, don ta yi misali.

Hajiya ta miƙe zaune.

"A'uzu billahi. Har da wasu kike yawo a jaka?"

Kowa ya juya. Hajiya ta ce ita ta yi shiru ne don ba ta son tashin hankali a gidan jego, amma tun da abin ya kai ana fito da shi a tsakar falo, to za ta yi magana. Ta ce ranar suna ta sauka salla ta ga abin da ta gani. Ita ta koyar a firamare kafin ta yi ritaya, ba ta buƙatar a karanta mata. Sunan yarinyar nan ne a jikin ƙashi, an ɗaure shi da zare, an kafe da allurai. Ga yarinya kullum ramewa, kullum ciwon kai, ba ta da magana sai ta tsohuwar nan, hutu ma ba ta iya ɗauka. Sauran sunayen kuwa, in ji Hajiya, waɗanda suka yi mata aiki kafin Selina ne, Allah kaɗai ya san inda suka ƙare. Ba ta gaya wa Selina ba don tsoro kan ƙara wa mai sammu ciwo. Ta bari gida ya yi shiru ta yi abin da ya kamata. Kuma ta san mai hannu a ciki dole zai zo cigiya.

Ta nuna Sailuba da carbi.

Kamal ya juya ya fuskanci bango, yana danne dariya. Munzali yana kallon kafet. Mubina ta dafe kai ta ce, "Umma!"

Sailuba ba ta yi musu ba. Ta haɗa wayarta da talabijin. Wata tsohuwar Baturiya ta fito da tabarau, matashi a gabanta cike da fil, yatsunta suna jujjuya sanduna suna ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano, leshi yana fitowa daga sama. Hajiya ta ƙura wa yatsun ido. Can ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta matso bakin kujera, ta ce wannan ai saƙa ce. Wannan ai kwarkwaro ne, nasu ne dai ya yi siriri.

Sailuba ta ce haka ne. Ta ce sunayen na masoya ne da 'yan uwa, kamar yadda ake ɗinka suna a jikin matashin amarya.

"To Selinar da ke jiki fa?"

"Wata ce daban, Hajiya. Tun kafin Turawa su shigo Kano aka rubuta shi."

Hajiya ta daɗe tana kallon talabijin. Sannan ta juya wajen Selina ta tambaye ta to me ya kumbura mata ido. Babu wanda ya iya juya wannan zuwa Turanci. Selina da kanta ta faɗa, cewa kayan amana ne, kuma in ba su fito ba za a kore ta a kai ta ga 'yan sanda.

Hajiya ta kalli 'yarta. "Kwana nawa kuna ta Turanci a kaina, ashe wannan ne? Da an tambaye ni ai da na faɗa."

Ta tashi da kanta, ba ta yarda an riƙe ta ba. Ta dawo da gwangwanin madarar ta ajiye a gaban Selina. Sailuba ta yi saurin kwance tsumman, don in a ruwa aka jiƙa su, launin rubutun ya tafi. A bushe suke, an binne su a cikin gishiri da garin magarya, fil ɗin a ƙulle a leda daban. Ta zaro su ɗai-ɗai tana hurewa tana haɗawa da hoto. Duk suna nan.

Selina ta riƙe mai sunanta, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce, "Mama, ciwon kan nan aiki biyu nake yi, shi ne kawai."

Hajiya ta ce ta ji. Amma dai tofin da aka yi ba zai cutar da ita ba.

*

Saura leshin. Shi babu yadda za a mayar. Sailuba ta ce gara a faɗa wa Bartholomew gaskiya. Hajiya ta ce ita ta warware, ita za ta je, kuma tun da maigidan ya riga ya ware safiyar gobe, sai a fasa kogi.

Bartholomew ya same su a gidan tsofaffin. Sailuba ta yi masa bayani da Turanci, ta nuna masa kowace sanda, ta gaya masa waɗanda suka fi daraja da dalili. Ya saurara, ya sa ta maimaita wajen sammun, ya cire tabarau ya goge. Ya ce maganar kamfani ta wuce, ya kuma ba Selina haƙuri. Amma da ya ga zarurrukan a kwance fuskarsa ta canja. Ya ce wannan ne aikin ƙarshe da mahaifiyarsa ta fara kafin hannunta ya soma rawa.

Aka turo Misis Martins a keken marasa lafiya. Selina ta ɗora mata matashin a cinya. Tsohuwa ta bi zarurrukan da yatsa, kamar yadda Sailuba ta yi, har ƙarshe. Ta tambaya wa ya warware. Aka nuna Hajiya. Ta tambaya wa ya koya mata. Aka ce babu, ranar ta fara ganin abin.

Tsohuwa ta ce zaren ya girmi ɗanta, ita kanta in tana warwarewa sai ya tsinke mata. Ta kamo hannun Hajiya ta juya shi tana kallon yatsun. Sannan ta gaya wa Bartholomew ba za a sayar da komai ba. Ta ce ita tana da ido da kai, hannu ne babu, ga hannu kuma ya zo.

Sailuba ta ga cinikinta ya tashi. Ba ta ji haushi ba, hankalinta yana kan yadda tsohuwa ta ɗora sanduna huɗu a gaban Hajiya, ta nuna mata da haɓa wadda za ta tsallaka kan wacce. Babu mai jin yaren wata. Hajiya ta yi bisimilla ta tsallaka. Tsohuwa ta girgiza kai. Ta mayar ta sake. Tsohuwa ta gyaɗa.

Da za su tafi, Misis Martins ta ce wani abu, Selina ta fassara. Akwai wani mutum da har yanzu yake sassaƙa irin sandunan nan. A al'adarsu duk wadda ta fara koyo ana yi mata tata, don haka a rubuta mata sunan Hajiya daidai, za ta sa Bartholomew ya aika a yi.

Hajiya ta gyara mayafi, ta yi ɗan tunani.

"Ki ce mata na gode, Allah ya saka. Amma a itace za a rubuta."